Ido Ɗaya a Agogo, Ɗaya a Titi

Ranar da idon Baba Daƙiƙa ya dawo, tururuwa ya fara gani.

Yana zaune a bakin gado da kofin shayi a hannu, tabarau ɗinsa na can kan taga inda ya manta shi, sai ga wata 'yar tururuwa tana bin bakin kofin. Ba ɗigon baƙi ya gani ba irin na kullum. Ƙafafunta ya gani, har ya ƙirga su, shida. Ya ga ƙugunta, ya ga 'yan gashin nan biyu na kanta suna lalube. Ya kai hannu ya shafa fuska. Babu tabarau.

“Tsohuwa! Tsohuwa! Zo ki ga ikon Allah!”

Matarsa ta shigo da gudu irin nata, tana goge hannu da zane. “Mene ne? Faɗuwa ka yi?”

“Ni? Faɗuwa? Kawo allurarki da zare.”

Shekara shida rabon da wani a gidan nan ya zura zare a allura ba tare da an kira maƙwabta ba. Baba Daƙiƙa ya lashi bakin zaren, ya ɗaga allura kusa da hanci, ya zura shi karo ɗaya. Ya zare, ya sake zurawa. Ya zare, ya sake, yana dariya har shayi na zuba masa a cinya.

“Kin gani? Na koma yaro! Ke kika tsufa kika bar ni.”

“To yaro, sai ka tashi ka share tsakar gida.”

Dole a san wane ne wannan mutum. Mota ta kife da shi sau biyu ya fito yana kaɗe riga. Maciji ya sare shi a ƙafa, macijin ne bai kwana ba. Gobara ta cinye layin masu gyare-gyare na bayan tashar mota ƙurmus, shi ya fito da teburinsa a ka, agogon mutane talatin da ɗaya a aljihu, ko ɗaya bai tsaya ba. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa ba ya iya rubutawa, amma shekara hamsin da biyu duk wanda ke son sanin lokaci a unguwar sai ya bi ta hannunsa. Irinsu ba a yi yanzu.

Abu ɗaya ne ya kayar da shi, shi ne ɗan sukuru. Tun yana da shekara arba'in da 'yan kai ganinsa na kusa ya fara ja da baya. In ya maƙala ɗan ƙoƙon gilashin nan na masu gyaran agogo a idon dama, yana ganin cikin agogo sarai, amma ƙoƙon wuri kaɗan yake nunawa, kamar faɗin maɓalli. Da ya cire shi don neman hantsaki ko wani sukuru a kan tebur, sai hazo. Ya sa tabarau, ya cire, ya maƙala ƙoƙo, ya cire, ya sa tabarau, wuni guda kamar mai wasa da fuska. Har ranar da sukurun agogon wani direba ya ɓace, sukuru ƙarami kamar ƙwayar yashi. Aka share shago, aka tankaɗe ƙasar da rariya, kwana uku. A rana ta uku Mai Makulli, maƙwabcinsa a layin kuma abokin faɗansa tun suna samari, ya dube shi ya ce, “Kai, me ke ƙyalli a gemunka?”

Daga ranar 'yarsa Auta, wadda malamar makaranta ce kuma ta ɗauki kowa ɗalibi, ta ce Baba ya huta. Aka ba mijinta teburin. Mutumin kirki ne, ga ladabi, amma in ka ba shi agogo mai wani, irin na da wanda ake wanawa da hannu, sai ya riƙe shi kamar an miƙa masa kunama. Canjin batir kawai ya iya. Shi ya sa Baba ke kiransa Ɗan Batir, a bayan idonsa da kuma gaban idonsa.

Yanzu ga ido ya dawo. Baba ya ɗauko sabuwar rigarsa mai ruwan ƙasa, wadda ya zaɓa da kansa bara, ya hau keke.

“Ina za ka?” in ji Tsohuwa.

“Karɓo teburina.”

Hanya ta yi masa daɗi, sai dai rana ta yi ta watsa masa haske a ido kamar an fasa madubi, motoci kuma ba ya ganin su sai sun matso. Ya ce a ransa duk ƙurar gari ce, da direbobin zamani marasa tarbiyya. Da ya shigo layin, ya hango Mai Makulli tsaye a ƙofar shagon tufafi, ya sha farar riga, ya ƙame kamar soja. Baba ya sauka daga keke tun daga nesa yana ɗaga hannu.

“Tsohon banza! Ka ji labari? Ido ya dawo! Yau zan ƙirga maka furfurar hancinka ɗaya bayan ɗaya!”

Shiru.

“Au, girman kai? Don ka sa sabuwar riga? Ni da na san ka tun kana da wando ɗaya?”

Shiru dai. Baba ya matsa a fusace, ya miƙa hannu zai ja kunnensa, ya ji sanyin roba. Mutum-mutumin da mai shago ke rataya wa tufafi ne. Ko kai ba shi da shi sosai.

Daga can tsallake dariya ta fashe. Mai Makulli na gaske ya riƙe ciki, ya zame daga benci. “Ku taho, jama'a! Daƙiƙa ya yi sabon aboki! Ka tambaye shi mutanen gida!”

“Ai na san mutum-mutumi ne,” in ji Baba. “Gwada shi nake. Ya fi ka hankali, ya san ya yi shiru gaban manya.”

A bakin teburin, Ɗan Batir ya miƙe da sauri ya rusuna. “Baba, ku ne da kanku? Sannunku da zuwa. Ga kujera.”

Baba bai zauna ba. Ya dubi teburinsa, an cika shi da rigunan waya da igiyoyin caji, ransa ya sosu. Ya ciro wata 'yar taya mai haƙora daga tsohon gwangwaninsa da ke aljihun tebur, ya ɗaga ta da ido tsirara, ya ƙirga haƙoranta da ƙarfi har sittin da huɗu. Ɗan Batir ya maƙala ƙoƙo ya ƙirga, ya ɓata, ya sake, ya samu sittin da huɗu.

“To kwashe tarkacenka.”

“Baba, ni ba ni da ta cewa. Amma ku bari a gaya wa...” Ya kalli wayarsa.

Auta ta iso da alli a hannun riga. Kafin ta ƙaraso ta riga ta ji labarin mutum-mutumi daga bakin mutum huɗu.

“Baba, gobe za mu asibitin ido. In likita ta ce idonka lafiya, tebur naka ne, ni da kaina zan share maka shi. In ta ce a'a, ka zauna gida, kuma ba za mu sake jin maganar tebur ba har abada. Ka yarda?”

“Na yarda. Ki gaya wa likitar ta zo da nata tabarau, don ta ga abin mamaki da kyau.”

Washegari aka zaunar da shi a ɗaki mai sanyi, aka nuna masa allo a bango can nesa. Da yake ba ya karatu, aka kunna masa na marasa karatu, mai wani abu kamar cokali mai yatsu uku, a ce ka nuna da hannu inda yatsun suka fuskanta. Likitar mace ce, gajeriya, mai yawan murmushi, ba ta kai Auta ba a shekaru.

“Baba, na sama, ina ya duba?”

“Sama.”

“Na ƙasa da shi fa?”

Baba ya ƙanƙance ido. Ya ga wani abu kamar ƙuda da aka murƙushe. “Wannan bai yanke shawara ba tukuna.”

Likita ta yi dariya. Auta ba ta yi ba. Aka yi ta sauya masa gilasan gwaji a ido, aka ɗiga masa magani, aka jira, aka sa haɓarsa a kan wani ƙarfe, aka haska masa fitila siririya cikin ido. Daga nan likita ta ja kujera kusa da shi.

“Baba, an ce ku mai gyaran agogo ne. Kuna tare da ƙoƙonku?”

Ai ko masallaci ba ya zuwa ba shi. Ya ciro ya miƙa. Ta kashe fitilar ɗakin, ta ɗauki farar takarda, ta juya wa taga baya kaɗan, ta riƙe ƙoƙon a gaban takardar tana matso da shi tana ja da shi. Da fari hasken ya bazu kamar ruwan da ya zube. Can sai ya tattaru. Baba ya kawo fuska kusa. Ga taga a kan takarda, 'yar mitsitsiya, da ƙarafunanta, da bishiyar waje, har da wata mata mai wucewa da laima. Sai dai bishiyar saiwarta na sama, matar kuma tana tafiya da ka.

“Kai! Shekara hamsin abin nan na hannuna, ban san yana da majigi a ciki ba!”

“Aikin idonku ke nan,” in ji likita. “A gaba akwai murfi garai-garai.”

“Gilashin fuskar agogo.”

“Kamarsa. Shi ke fara tanƙwara haske, kuma shi ke yin mafi yawan aikin. Bayansa akwai baƙin ido, da 'yar ƙofa a tsakiya, ta tsuke in rana ta yi yawa, ta buɗe in duhu ya yi. Bayan ƙofar akwai wani ɗan gilashi, bai fi ƙwayar magani ba, an rataye shi da zaruruwa sirara a cikin zoben tsoka. Shi ke ƙarasa aikin, ya tattara hasken ya sauke shi daidai kan bangon da ke can bayan ido, kamar takardar nan. Daga bangon jijiya ta kai labari ƙwaƙwalwa.”

“Tsaya, 'yata. A bangon nawa ma, a kife hoton yake sauka?”

“A kife. Ƙwaƙwalwa ce ta saba, take karanta shi daidai.”

Baba ya buga cinya, ya juya wajen Auta. “Kin ji? Shekara saba'in da takwas duniya na shigo mini ƙafa a sama, ko jiri ban taɓa yi ba! Har keke nake hawa a haka! Ki faɗa wa 'yan ajinku irin uban da kike da shi.”

“Baba, kowa ma haka yake.”

“Kowa ya yi saba'in da takwas?”

Likita ta share hawayen dariya ta ci gaba. Ta ce gilashin yaro laushi gare shi. In zai duba kusa, tsokar ta matsa, gilashin ya yi ƙiba, ya tanƙwara haske da ƙarfi. In zai duba nesa ya koma siriri. Da an wuce arba'in sai ya fara tauri, ya ƙi yin ƙiba, abin kusa ya daina sauka daidai kan bango. Abin da ya raba Baba da teburinsa ke nan.

“To yanzu ya sake laushi,” in ji Baba. “Jini ne. Kakana ya yi sabon haƙori yana da shekara tamanin.”

Nan murmushin likita ya ragu. “Bai yi laushi ba, Baba. Ƙara tauri ya yi. Tsakiyarsa ta daskare ta yi ruwan ɗorawa, shi ya sa yanzu yake tanƙwara haske fiye da kima. Abin kusa ya dawo kan bango, na nesa kuma ya tattaru tun bai kai ba. Farkon yanar ido ne. Ta idon dama ta fi tsanani, ta hagu na biye. Kun san fitila in mai zai ƙare takan ɗaga haske? Wata shida, ko shekara, tururuwar ma ba za ku gan ta ba.”

Baba ya dubi ƙoƙon a hannun likita. Ashe murnar kwana biyu ce.

“Amma ana gyarawa,” in ji ta. “Aiki ne na minti ashirin. Mu cire gilashin da ya dushe, mu sa na roba, garai-garai. Abu ɗaya ne, na roba ba ya ƙiba ba ya rama. Inda aka saita shi nan yake tsayawa. Yawanci nesa muke saitawa, mutum ya ga hanya, ya sa tabarau in zai duba kusa.”

“A saita nesa,” in ji Auta.

“A saita kusa,” in ji Baba.

“Baba, jiya da mutum-mutumi ka gaisa!”

“Ya amsa? Bai amsa ba. To me ya ɓaci?”

“Gobe da babbar mota za ka gaisa, ita za ta amsa!”

“In aka saita nesa na koma sa tabarau, cire tabarau, sukuru a gemu! Me zan yi da nesa? Na ga nesa, na je ta, babu komai a can sai mutane irin na nan!”

“Alkawari ka yi. Likita ba ta ce idonka lafiya ba.”

Gaskiya ce, kuma ta yi ɗaci. Baba ya sunkuyar da kai yana juya hularsa a hannu. Can sai ya daina juyawa. Ya ɗago a hankali.

“'Yata, ido nawa gare ni?”

“Biyu, Baba.”

“Gilashin robar nan, dole sai iri ɗaya? Kamar takalmi?”

Likita ta karkata kai.

“Ki saita na dama kusa, na hagu nesa. Kowa ya kama aikinsa.”

Auta ta ce, “Baba, nan fa ba shagonka ba ne.”

“A'a,” in ji likita, “ana yin haka. Sai dai ba kowa ke ɗauka ba. Ido biyu su kawo hoto biyu, ɗaya tas ɗaya dushe-dushe, ƙwaƙwalwa ta rasa wanda za ta bi. Wasu jiri, wasu ciwon kai. Ga mai shekarunku, ban cika so ba.”

Baba ya yi wata dariya daga ƙasan ciki. “Ba ni agogonki.”

Ta kwance ta ba shi. Ya ce ta sa masa gilashin gwaji na nesa a idon hagu, irin wanda take ta sauyawa ɗazu. Ta sa masa firam ɗin tabarau na ƙarfe, gefen dama babu komai. Ya cusa ƙoƙo a idon dama ta ƙarƙashinsa, ya ciro ɗan sukurudireba daga cikin hula, ya buɗe bayan agogon, ya sunkuya.

“Ranar da na fara koyon aiki,” ya ce, hannunsa na tafiya, “na maƙala ƙoƙo na runtse ɗayan idon. Maigidana ya make ni a ƙeya. Ya ce mai gyaran agogon da ke rufe ido ɗaya, kafin ya gyara na hannunsa an sace na kan tebur. Ido ɗaya a agogo, ɗaya a titi. Tun daga ranar ban sake runtsewa ba. Likita, an taɓa buɗe agogon nan, wanda ya buɗe kuma ɗan batir ne, ya ƙarce gefen. Ga gashin gira ya bar miki a ciki. Auta, daina girgiza wa likita kai. Sauke yatsan. Yanzu kuma kin kama haɓa. Ga wani mai kore-koren kaya ya leƙo ƙofa da bokiti, ya koma.”

Kansa bai ɗago ko sau ɗaya ba.

Likita ta dubi Auta, Auta ta dubi ƙofa. Aka cire ƙoƙon, aka jera masa gilasan gwaji, dama kusa, hagu nesa. Aka sa shi ya yi tafiya a baranda, ya hau bene ya sauko, ya zuba ruwa a kofi. Ya yi duka, har ya ƙara da 'yar rawa a saman bene wadda ba a tambaye shi ba.

“Ƙwaƙwalwarku ta yi shekara hamsin tana wannan makaranta,” in ji likita.

“Kin ji, Auta? Ashe na yi makaranta.”

“Amma da sharaɗi. Auna tazara zai ragu. Ku kula da matakala. Keke kuma an yi sallama.”

Wannan ta shige shi. Keken nan ya girmi Auta. “Dama ya tsufa,” ya ce. “Tausayinsa nake ji.”

Auta ma ta kafa nata. In an gama, ido ya warke, zai kwance agogo mai wani gaba ɗaya ya mayar a gabanta, ba tabarau. In ko sukuru ɗaya ya ɓace, magana ta ƙare.

Aka fara da na hagu. Yadda Baba ke ba da labarin, ko ƙiftawa bai yi ba, har ma shi ya riƙa ba likita shawara. Washegari da safe aka cire bandeji a gaban Tsohuwa da Auta. Ya buɗe ido, ya ƙwalla ƙara.

“Wa ya wanke duniya?”

Bango fari fat. Sama ta taga shuɗiya kamar an zuba mata shuni yanzun nan. Shekara nawa yana zagin masu sabulu da masu fenti, yana cewa komai na zamani ya koma ruwan ɗorawa. Ya hango tsuntsu a kan waya can tsallaken titi, har ya ga yana gyara fiffike. Yana cikin murna ya dubi hannun rigarsa. Ya sake duba.

“Rigar wa aka sa mini?”

“Taka ce,” in ji Tsohuwa. “Mai ruwan ƙasar nan da kake ji da ita.”

Shunayya ce. Shunayya mai ihu, irin wadda ake hangowa daga wata unguwa.

“Shekara guda ina yawo a cikin wannan, ba wanda ya gaya mini?”

“Na gaya maka. Ka ce ni ce makauniya.”

“Mai Makulli fa?”

“Shi ya hana kowa faɗa. Ya ce a bar layin da abin kallo.”

Baba ya yi tsaki, ya sake duban rigar, ya gyara wuyanta. “Ta ma yi mini kyau. Ba kowane namiji ke iya ɗaukar wannan launi ba.”

Bayan wata guda aka yi na dama. Bayan wani watan, ranar da Auta ba ta da aji, ya taka da ƙafa zuwa layin, cikin shunayyar riga da gangan. Ya tsaya gaban mutum-mutumi ya ce masa, “Kai ma ashe ba ka da kai,” ya wuce.

Rabin layin sun taru. Ɗan Batir ya share tebur, ya shimfiɗa farin ƙyalle, sa'an nan ya jawo aljihun ƙasa da kunya. Cike yake da agogo masu wani, sun fi ashirin, kowanne da ɗan zare a ɗaure.

“Masu su na ta zuwa, Baba. Kullum sai in ce su dawo jibi.”

“Shekara shida kana cewa jibi?”

“Wasu sun daina zuwa.”

Auta ta zaɓi mafi ƙanƙanta, na mata, ta ajiye. Baba ya zauna. Kujerar ta yi ƙara irin ta da. Ya buɗe agogon, ya shiga jera kayan cikinsa a kan ƙyalle, taya bayan taya. In aikin ya yi ƙanƙanta ya maƙala ƙoƙo, in ya cire, ga tebur nan tas a idon dama, kowane sukuru na zaune a inda ya ajiye shi. Yana yi yana waƙa ƙasa-ƙasa. Mai Makulli na ta surutu don ya rikita shi.

“A duba gemunsa tun yanzu, a san abin da ke ciki.”

“Kai dai riƙe haƙorinka na gaba, na hango yana rawa tun daga kwana.”

Ya wanke, ya ɗiga mai, ya shiga mayarwa. Saura sukuru biyu. Ya kama ɗaya da hantsaki, ya kai shi bakin rami, sai hantsakin ya yi ɗan ƙas. Sukuru ya yi tsalle.

Wanda duk ya san aikin ya ji ƙarar. Auta ba ta sani ba, ta dai ga hannun Baba ya tsaya. Ta matso.

“Me ya faru?”

“Ba komai,” in ji Ɗan Batir da sauri. Ya ɗan gusa gefe, ya dafa bakin tebur kamar mai gajiya. A ƙarƙashin yatsansa akwai wani sukuru, sabo, daga gwangwani. Ya tura shi a hankali kan ƙyalle.

Baba bai ɗago ba. Ƙoƙo na idon dama, kansa a sunkuye.

“Ɗan Batir.”

“Na'am, Baba.”

“Ɗauke wannan. Ya fi ramin girma, kuma ba na cin jarrabawa da satar amsa. Ɗaga ƙafarka ta hagu.”

“Baba...”

“Ya daki ƙafar benci, ya yi ƙyalli sau biyu a rana, ya gangara, kai kuma ka taka shi don kada matarka ta gani. Ɗaga.”

Ɗan Batir ya ɗaga. Auta ta durƙusa, ta ƙura ido, ba ta ga komai ba. Ta ciro tabarau daga jaka ta sa. Ga shi nan a kan siminti, kamar ƙwayar yashi.

“Au,” in ji Baba, “Malama, yaushe aka fara? Gilashin ya fara tauri ke nan. Kada ki damu, zan yi miki bayani, akwai wani bango a bayan ido.”

Layin ya kwashe da dariya, har Auta, da ta so ta daure ta kasa. Ta dangwalo sukurun da yatsa ta ajiye a kan ƙyalle. Ya hure shi, ya ɗaura, ya ɗaura na ƙarshe, ya wana agogon, ya kai kunnenta. Tana jin bugunsa ta cire gyalenta ta goge gefen teburin, kamar yadda ta yi alkawari.

Ɗan Batir ya fara tattara igiyoyin cajinsa cikin kwali.

“Ina za ka?” in ji Baba. “Jawo benci ka zauna nan, ta hagu, inda zan riƙa ganin ka. Mutumin da zai taka sukuru don surukinsa bai kamata ya mutu yana canjin batir ba. Ungo ƙoƙo. Maƙala.”

Ɗan Batir ya maƙala a idon dama, ya runtse na hagu.

Baba Daƙiƙa ya dubi ƙeyarsa, ya tuna suruki ne, ya dubi Auta.

“Ke ce matarsa,” ya ce. “Make shi.”